Dodo da Na Cikinsa: Nazarin Saɓanin Manya da Matasa a kan Nishaɗin Salula a Damargu

1.0 Gabatarwa

Kukan da dattawan ƙasar Hausa ke yi da wayar salula sananne ne: yara sun bar hira, sun bar dandali, kowa ya duƙufa a kan allo yana dariya shi kaɗai. Amsar matasa ita ma sananniya ce, wato zamani ne ya zo da abinsa, tsofaffi ba su gane ba. Ƴan jarida da wasu manazarta sun ɗauki wannan jayayya yadda ta zo musu, suka laƙaba mata sunan da ake kira conflit de générations a Faransanci, suka wuce. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa laƙabin yana rufe ainihin abin da ake jayayya a kansa. A ra'ayinmu, abin da ya canza tsakanin wasan jiya da na yau shi ne matsayin ƴan kallo: su wane ne, a ina suke zaune, kuma wane iko suke da shi a kan mai wasa.

Domin gwada wannan ra'ayi za mu ɗauko sabon salon nishaɗi mafi nisa da mu, wanda ya taso daga Japan, mu aza shi kusa da rayuwar Damargu, musamman ƙauyuka irin na ƙaramar hukumar Falanko. Dalili kuwa shi ne, wannan salo ya kawar da abin da manya suka fi kuka da shi, wato bayyana fuska da jiki. In an kawar da shi kuma damuwar ba ta gushe ba, to lalle tushenta yana wani wuri.

2.0 Mene ne dodon allo?

A ƙarshen shekarar 2016 wata sura ta zane mai suna Kizuna AI ta fara fitowa a YouTube tana magana da masu kallo kamar mutum. Ita ce ta yaɗa sunan VTuber. Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Mutum na gaske yana zaune gaban kamara, manhajar kwamfuta tana bin motsin fuskarsa tana ɗora shi a kan zane. In ya yi murmushi zanen ya yi, in ya kau da kai zanen ya kau. Murya tasa ce, amma suna da fuska da tarihi duk na ƙage ne. Japanawa suna kiran wannan mutum da kalmar da ke nufin "na ciki", kuma ladabin sana'ar shi ne kada a tona ko wane ne. A cikin wannan takarda za mu kira surar "dodon allo", domin Bahaushe ya san dodo, ya kuma san akwai mutum a cikinsa.

Sana'ar ta bunƙasa a hannun kamfanoni irin su Hololive da Nijisanji, wanda ya fara a 2018. Ana yin wasan kai tsaye na sa'o'i da yawa, ana hira da waƙa da wasannin kwamfuta, masu kallo suna rubuto saƙo suna liƙa kuɗi. A 2020 wadda ta fi kowa samun irin wannan liƙi a YouTube a duk duniya dodo ce mai suna Kiryu Coco. Wata mai suna Gawr Gura, wadda ta fara a 2020, ta tara mabiya sama da miliyan 4 kafin ta daina a watan Mayun 2025. Akwai kuma mataki na gaba: a watan Disamban 2022 aka fito da Neuro-sama a Twitch, dodon da babu kowa a cikinsa, kwamfuta ce ke ƙirƙiro maganar da muryar.

Wannan sana'a ta Japan ce da Amurka da makamantansu. Danginta mafi kusa a ƙasar Hausa shi ne wasan kai tsaye na TikTok, inda ake samun irin wannan hira da baƙi, da irin wannan liƙi na kuɗi, sai dai da fuska a buɗe.

3.0 Damargu da wayar salula

Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji wadda aka cire daga cikinta a 2011, tana arewacin jahar Damagaram, a kan hanyar da ta tashi daga Zinder zuwa Agadas. Falanko ɗaya ce daga ƙananan hukumomin Tanut, tare da Gangara da Olelewa da Tenhiya. Hausawa da Buzaye da Dagirawa da Fulani ne ke zaune a ƙasar, noman hatsi da kiwo su ne ginshiƙin rayuwa. Baier (1980) ya nuna yadda hatsin Damargu ya ciyar da ayarin da ke kai da komo tsakanin Abzin da Kano tun kafin zuwan Nasara. Ke nan ba ƙasa ce da baƙon abu ya saba ba ta tsoro ba. A kan hanya take zaune.

Damina a nan gajera ce, kuma fari irin na 1973-1974 da 1984-1985 da ƙarancin abinci na 2005 sun sa cin rani ya zama wani ɓangare na tattalin gida. Samari sukan tafi Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya ko wuraren haƙar zinariya na arewa. Tun da salula ta shigo Nijar a 2001, ita ce igiyar da ta ɗaure ɗan cin rani da gidansu: da ita ake sanar da an aiko kuɗi, da ita ake jin farashin tiyar hatsi, da ita ake gaisuwar mutuwa. Saƙon murya na WhatsApp ya sa wanda bai yi lakkwal ba shi ma ya shiga. Dattijon da ke zagin TikTok yakan saurari wa'azi a katin wayarsa, ya kuma bi kokowar takobi, wadda ake yi tun 1975, a kan allo ɗaya da ɗansa.

Abu biyu za mu riƙe daga nan. Na farko, babba ba ya gaba da na'urar, domin yana cin moriyarta. Na biyu, sau da yawa kuɗin yaro ne ya sayo ta, kuma kuɗin yaro ne ke cike gurbin rumbu in ya ƙare. Uban da ɗansa ke ciyarwa daga Sabha ko Kano ba shi da ƙarfin hani irin na ubansa. Wani ɓangare na zafin jayayyar daga wannan raunin iko yake fitowa.

4.0 Rukunoni uku, zargi ɗaya

Mannheim (1928) ya nuna cewa haihuwa a lokaci ɗaya kaɗai ba ta mai da mutane tsara guda, sai in wani abu na tarihi ya dafa su tare suna matasa. In muka bi wannan ma'auni za mu ga rukunoni uku a Damargu ta yau, maimakon biyun da ake yawan ambata.

Rukuni na farko su ne ƴan dandali da samariya. Sun yi ƙuruciya lokacin da gwamnatin Seyni Kountché, bayan 1974, ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa. Nishaɗinsu shi ne gaɗa da kalangu da kokowa, da wasannin kwaikwayo na rediyo irin waɗanda Yazi Dogo da abokansa suka yi suna da su a Zinder, waɗanda Beik (1987) ta nazarta.

Rukuni na biyu su ne ƴan kaset da fada. Samariya ta watse bayan Taron Ƙasa na 1991, fada ta maye gurbinta, inda samari ke zama a bakin titi da butar shayi, kamar yadda Masquelier (2019) ta bayyana game da Dogon Dutsi. A daidai lokacin ne fim ɗin Hausa na Kano, wanda ya faro da Turmin Danya a 1990, ya ƙetaro iyaka, mutanen Nijar suka raɗa masa suna "dandalin soyayya". Wannan rukuni ya sha zargi ƙwarai: an ce suna kwaikwayon Indiya, an ce rawar mace da namiji ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce. A Kano an kafa hukumar tace fina-finai a 2001, an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007.

Rukuni na uku su ne ƴan salula, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da allo a hannu. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, su ne mafi yawa.

Abin lura shi ne iyayen ƴan salula na yau su ne ƴan dandalin soyayya na jiya, kuma kalmomin da aka jefe su da su, wato rashin kunya da kwaikwayon baƙi da ɓata lokaci, su suke jifar ƴaƴansu da su. Wannan yana iya sa manazarci ya ce babu wani sabon abu, kujerar zargi ce kowa ke hawa in ya girma. Mu ba mu yarda da wannan ba gaba ɗaya. Zargin tsoho ne, amma a wannan karo akwai abin da ya canza da gaske, kuma kalmomin da aka gada ba su iya faɗarsa.

5.0 Ɓad-da-kama a gargajiya da sharuɗɗanta

Shiga wata siffa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tashe, daga goma ga azumi, yaro yakan sa gemun auduga ya zama tsoho, yarinya ta sa rigar namiji ta zama maigida. A wasan kara na Damagaram, ɗan'uwan kalankuwa na Nijeriya, matasa sukan ɗauki siffar sarakuna da manyan gwamnati, da tufarsu da tafiyarsu da yadda suke magana, wani lokaci a gaban idon wanda ake kwaikwaya. A bori ana rarrabe doki da wanda ya hau shi. Ko a fim ɗin Kano, fuskar da ke motsa baki daban, mawaƙin da ya yi waƙar a situdiyo daban, haka kuma fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa. Saboda haka rabuwar fuska da murya, wadda ita ce ginshiƙin dodon allo, an daɗe da saninta a nan.

Sai dai ɓad-da-kamar gargajiya tana da sharuɗɗa uku. Na farko shi ne shaida: gari ya san na ciki. Ana yin kamar ba a gane shi ba, amma in ya wuce gona da iri an san ƙofar gidan da za a je. Ƴan kallo ma suna ganin juna. Uwa tana jin dariyar ƴarta, ta san abin da ya ba ta dariya. Na biyu shi ne lokaci: tashe na azumi ne, wasan kara na bayan girbi ne, tatsuniya ta dare ce, kowane wasa yana da ranar tashi. Na uku shi ne izini: ba kowa ke iya zagin kowa ba. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko tsakanin taubasai, ko jika da kaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana da ƙa'idar wanda zai faɗa da wanda zai haɗiye.

Kaset ɗin bidiyo ya raunana waɗannan sharuɗɗa amma bai kashe su ba, domin a gidan kallo ko tsakar gida jama'a ke kallo tare, kuma in man janareta ya ƙare an tashi. Salula ce ta kwance su duka uku a lokaci guda. Mai kallo shi kaɗai ne da abin kunne. Wasan ba ya da kaka ba ya da rani. Mai zagi kuma ba ya buƙatar dangantaka da wanda yake zagi.

6.0 Abin da dodo ya tona

6.1 Hujjar manya

Matakan da hukumomi suka ɗauka kusan duka a kan jiki da fuskar mai wasa suka faɗa. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙa. Daga 2023 Hisbar Kano ta yi ta kiran ƴan TikTok tana yi musu nasiha, wasu aka kai su kotu, galibi a kan sutura da rawa da batsa. Ma'anar wannan ita ce, in an rufe jiki an tsabtace baki, magana ta ƙare.

To, mu ɗauka wata yarinya a Falanko ta shiga dodon allo: ba a ga fuskarta, ba a san sunanta, surar ma an sa mata hijabi, ba ta faɗi kalmar batsa ko ɗaya ba, amma tana hira da maza baƙi har tsakar dare suna liƙa mata kuɗi. Shin hankalin mahaifinta zai kwanta? Muna ganin ba zai kwanta ba, mai yiwuwa ma ya fi tashi, domin yanzu ko maƙwabci ba zai iya zuwa ya ce masa ya ga ƴarsa ba. Malamai suna iya kawo mas'alar zana sura mai rai ko ta muryar mace, kuma waɗannan mas'aloli ne na fiƙihu da ke da nasu fagen. Amma damuwar uba ta riga su zuwa: ƴarsa tana da majalisar da ba shi da ido a cikinta. Kunya a wurin Bahaushe aba ce da ake yi a gaban wani, suruki ko ɗan fari ko babba. Inda babu idon da ake jin nauyinsa, ba a san ma'aunin da za a auna ta da shi ba. Dattawa sun hango wannan, kuma a nan karin maganar nan ta abin da babba ya hango ta yi gaskiya. Inda suka kuskure shi ne sunan da suka ba shi, shi ya sa maganin da suke nema, wato kama mai wasa, ba ya taɓa ciwon.

6.2 Hujjar matasa

Matasa suna da gaskiya a wuri ɗaya da ba a cika ba su ba. Ɓoye fuska ƙofa ce ga wanda al'ada ta hana shi fitowa. Mata da yawa sun yi suna a shirye-shiryen gaishe-gaishe na rediyo da sunan aro, kuma marubuta mata masu yawa suna sakin littattafansu a WhatsApp da Wattpad ba tare da an san fuskarsu ba. A ƙasar da ake aurar da mafi yawan ƴan mata kafin shekara 18, hanyar da za ta bar matar aure ta yi wasa ko ta koyar ko ta faɗi ra'ayi ba tare da ta zubar da mutuncin gidanta ba abar dubawa ce, bai kamata a yi watsi da ita don daga Japan ta zo ba. Haka kuma saurayin da ya gama aikin gona a watan Oktoba, babu samariya babu gidan matasa mai aiki a kusa, ba a yi masa adalci ba in an ce ya ajiye waya ba a nuna masa inda zai je ba.

Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne cewar da suke yi wasa ne kawai, kamar tashe. Ɗan tashe hatsi ko ƴan kuɗi yake samu daga gidan da ya san shi, abin kuma yana zagayawa cikin gari. Liƙin allo da kuɗin gaske ake sayensa, kamfanin da ke wata ƙasa ya cire kasonsa, ga kuɗin intanet da na cajin waya, duk daga aljihun da ake jira ya sayi hatsi. Bugu da ƙari, manhajar tana tura wa mutane abin da ya fi riƙe ido, kuma faɗa da tonon asiri sun fi riƙe ido a kan hikima. Maroƙin gargajiya yana da ubangida da zai tsawata masa. Ubangidan ɗan TikTok lissafi ne da ba ya jin Hausa.

Sharaɗin izini ma ya nuna kansa. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu, saboda shaguɓen da suka yi wa gwamna a TikTok. A Nijar dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an maido mata da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna a watan Yunin 2024. Abin da ɗan wasan kara ke yi a gaban mai mulki a yi dariya, shi ɗan salula ke yi a kai shi gaban alƙali. Bambancin shi ne na farko gari ya ba shi rana da fili, na biyu shi ya ba kansa.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa saɓanin manya da matasa a kan nishaɗin salula ya fi kama da jayayya a kan dandalin da ya watse. Manya suna neman shaida da lokaci da izini, amma suna kiran su da sunan sutura. Matasa suna neman fili, sun same shi a hannun kamfanin da bai san su ba. Dodon da babu kowa a cikinsa, irin Neuro-sama, zai ƙara tsananta lamarin in ya koyi Hausa, domin a ranar babu wanda Hisba za ta kira, babu kuma ƙofar gidan da za a je. Ƴan kallo kaɗai za su rage.

Saboda haka muna ba da shawara uku ga abokan aiki da ɗalibai masu neman batun bincike. Na farko, a ɗauki wasan kai tsaye a matsayin adabin baka, a naɗe shi a rubuta shi a nazarci kirarinsa da zambonsa da habaicinsa, kamar yadda aka yi wa wasan rediyo a shekarun 1980. Na biyu, a mai da hankali ga mai kallo: a ƙauyukan Falanko da Gangara da Tarka wa ke riƙe waya da dare, mutum nawa ke leƙa allo ɗaya, wa ke biyan caji, me ake nuna wa uwa me ake ɓoye mata. Na uku, a rarrabe amsoshi bisa jinsi da harshe da zuwa cin rani, domin tazarar da ke tsakanin saurayin da ya dawo daga Libiya da ƙanwarsa da ba ta taɓa wuce kasuwar Tanut ba tana iya fin wadda ke tsakaninsa da mahaifinsa. Sai an sami amsar waɗannan tambayoyi za a san ko gidajen rediyon karkara da makarantu da fadodi za su iya maido wa wasa ƴan kallon da suka san juna.